Cin zali a makaranta yana da wuri, yana da lokaci

Babban abin da aikin kula da ɗalibai ya koya mini shi ne, ba a dukan yaro a gaban firinsifal. Mai cin zali ya san jadawalin makaranta fiye da malaman da suka rubuta shi. Ya san lokacin da malamin duti ke tafiya sallah, ya san minti goman da aji ke zama babu kowa tsakanin fitar wannan malami da shigowar wancan, ya san lungun da babu fitila. Makarantar da ke son kare yara sai ta san waɗannan wurare da lokuta kamar yadda shi ya san su.

Hanya mafi arha ita ce taswira. A zana makarantar a takarda ɗaya: azuzuwa, bayi, famfo ko rijiya, ɗakin cin abinci, masallaci, fili, ɗakunan kwana, ƙofar shiga da hanyar da yara ke bi zuwa gida. A raba wa kowane ɗalibi kwafi, ya sa alama a inda yake jin tsoro, ya rubuta lokacin a gefe, ba tare da sunansa ba. A yi wa 'yan aji ɗaya nasu daban, manya daban, mata daban, maza daban. Abu uku ke ɓata wannan aiki: a bar monita ko firfet ya tattara takardun, a ce yara su rubuta suna, ko a tattara a zuba a durowa. Idan an yi shi daidai, alamomin kan taru a wurare kaɗan, yawanci bayan bayi, layin ɗiban ruwa, layin abinci, da ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Daga nan sai a sake rubuta jadawalin duti a kan waɗannan wurare, da sunan malami da sa'a. Malamin da ke zaune a ofis yana duba takardun jarrabawa ba duti yake yi ba, ko da sunansa na jikin allo. Makonni shida na farkon zangon farko su ne suka fi buƙatar ido, domin a lokacin ne manya ke tantance sababbin yara: wa ke da kayan abinci, wa ke da wa a makarantar, wa zai yi kuka ya yi shiru.

Sai kuma rarrabe faɗa da cin zali. Dan Olweus, masanin da ya fara nazarin wannan matsala a makarantun Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya kafa sharuɗɗa uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko na jiki, ko na aji, ko na yawan abokai. Amfanin wannan a aikace yake. Yara biyu sa'o'in juna da suka yi dambe kan ƙwallo ana iya zaunar da su a ce su ba juna hannu. Amma idan ɗan aji biyar ne ke ƙwace wa ɗan aji ɗaya garin kwaki da sukari kowane mako, to haɗa su a ofis a ce "ku yafi juna" hukunci ne a kan ƙaramin. Zai ce ya yafe saboda idon babban na kansa, da dare kuma ya biya kuɗin kai ƙara. Haka nan bulalar da ake raba musu daidai wa daida "don kowa ya shiga hankalinsa". Abin da ƙaramin ya koya shi ne kada ya sake faɗa.

A makarantun kwana, inda aka fi samun ɓaraka shi ne ikon da makaranta da kanta ta miƙa wa manyan ɗalibai. Malamai sun yi kaɗan, ɗalibai sun yi yawa, sai a bar wa firfet ɗakin kwana, da shara, da rabon abinci, da horo. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya samu dorina da izinin sa gwale-gwale da tsallen kwaɗo, babu mai tambayarsa. Dole a rubuta iyakarsa a manna a bango inda ƙanana za su karanta: firfet yana rubuta suna ya kai wa malami, ba ya duka, ba ya hana abinci, ba ya ƙwace kaya, ba ya tashin kowa bayan an kwanta, ba ya aiken juniya wanki ko ɗiban ruwan wankansa. Wanda ya karya a sauke shi a ranar, a sanar a asambuli. Idan aka sauke ɗaya da gaske, sauran sun ji.

Akwai kuma al'adar "yarona". Siniya ya zaɓi ƙaramin yaro, ya ce yana ƙarƙashinsa, ya hana wasu taɓa shi, ya ajiye masa akwati a kusurwarsa. Iyaye har godiya suke yi ranar ziyara, suna ƙara wa siniyan kuɗin kashewa. Wani lokaci alheri ne zalla. Wani lokaci kuma farashin kariyar yana farawa da wanki da guga, ya kai ga "zo ka kwana a gadona, ana sanyi". Yaron ba zai faɗa ba, don wanda zai kai ƙararsa shi ne wanda ke kare shi daga sauran. Maganin a tsarin ɗaki yake: a raba ɗakunan kwana bisa aji, kowane yaro da gadonsa ko katifarsa, malamin gida ko uwar ɗaki su kwana inda za su ji ihu, su zaga sau biyu a dare a lokutan da ba a saba ba, bayi ya kasance da ƙofa da sakata da ƙwan fitila mai aiki da hasken rana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan sau da yawa ƙwan fitila ne da ya mutu tun zangon bara.

Za a ji tsofaffin ɗalibai, har da malamai, suna cewa "mu ma haka aka yi mana, ga mu mun zama mutane". Waɗanda suka bar makaranta saboda abin ba sa zuwa taron tsofaffin ɗalibai, shi ya sa ba a jin nasu bayanin.

'Yan kallo su ne rukunin da aka fi mantawa da su. Wani bincike da aka yi a filayen wasan makarantun firamare a Kanada ya gano cewa idan wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokuta cin zalin na tsayawa cikin daƙiƙa goma. Shirin KiVa na yaƙi da cin zali a makarantun ƙasar Finlan a kan rawar 'yan kallo aka gina shi. Ba a buƙatar yaro ya yi jarumta. A koya masa abu uku da zai iya: kada ya yi dariya, ya je ya tsaya kusa da wanda ake zalunta ko ya ja shi su tafi, ya gaya wa babba. A kuma bambance musu tsegumi da neman ceto, domin kalmar "munafuki" ita ce makamin da ke rufe bakin aji guda.

Cin zarafin da babba ke yi wa yaro daban yake tafiya, a hankali. Yakan fara da fifiko: ƙarin maki, kuɗin tara, katin waya, "ke 'yata ce". Sai keɓewa: darasi na musamman bayan an tashi, aike zuwa gidan malam don shara ko girki, rage hanya a babur. Sai sirri, sai barazana. Tun da matakan sanannu ne, dokokin ma sai su zama a kan matakan, kuma su hau kan kowa, har wanda aka fi yarda da shi. Babu ganawa da ɗalibi ɗaya a ɗaki rufe, ƙofa a buɗe ko taga da ake gani. Babu aiken ɗalibi gidan malami. Babu hira ta WhatsApp tsakanin malami da ɗaliba sai a zauren da iyaye ko wani malami ke ciki. Dokar ta haɗa da direba, maigadi, masu dafa abinci, masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban koyon koyarwa, a sa kowa ya sa hannu. Malamin kirki ma kariya ce gare shi daga ƙazafi.

Wajen ɗaukar ma'aikaci, takardar shaida ba ta isa ba. A buga waya makarantar da ya baro, a yi tambaya kai tsaye: me ya sa ya tafi, kuma za ku sake ɗaukarsa ya kula da yara? Shirun da ke biyo bayan tambayar ma amsa ce. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ta buɗe rajistar masu laifin lalata ta ƙasa a 2019, a duba ta, amma a sani waɗanda maganarsu ta kai hukuma kaɗai ke ciki. Wanda aka sallama a ɓoye "don kare sunan makaranta" yana can wata makarantar da takardar yabo a hannu. Kuma hanyar kai ƙara kada ta ƙare a teburin mutum ɗaya. Yarinya 'yar shekara biyar da aka sace aka kashe a Kano, wadda kotu ta yanke hukunci a kan shari'arta a 2022, mai makarantarsu ne ya aikata. Don haka a naɗa mutum biyu masu karɓar ƙorafi, mace da namiji, a kuma manna lambar wani na waje, daga kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Yara ba su cika faɗa da baki ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18, mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun fuskanci na lalata, kuma 'yan ƙalilan ne suka samu taimako. Jiki da hali ne ke magana: fitsarin kwance da ya dawo, ciwon ciki kowace safiyar Litinin, ƙin shiga wanka tare da sauran, kuɗi da kayan abinci da ke ƙarewa a mako guda, sabuwar waya da ba a san mafarinta ba, kalaman batsa da suka fi shekarunsa. Babu ɗaya da ke tabbatar da komai, dalili ne dai na a zauna da yaron.

Idan ya buɗe baki, sa'ar farko ita ce komai. A saurara, a riƙe fuska, ban da salati da tafa hannu, domin yaron da ya ga babba ya firgita yakan janye maganarsa. A ce masa: "Ka kyauta da ka gaya mini. Ba laifinka ba ne." Kada a yi alkawarin rufe sirri, a ce: "Zan gaya wa wanda zai taimake ka kaɗai, kuma zan faɗa maka ko wane ne." Tambaya ta zama buɗaɗɗiya, "sai me ya faru?", ban da "malam wane ne ko?", ban da "me ya kai ki ɗakinsa?" A rubuta da kalmomin yaron, ko da ya kira al'aura da sunan wasa, a sa kwanan wata da lokaci da sa hannu. Kada a sa shi ya maimaita wa mutum biyar. Kada a kira wanda ake zargi a yi gaba da gaba, kada a kawo Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki a ce kowa ya rantse, kada uwar ɗaki ta tuɓe yarinya ta duba.

Idan fyaɗe ne, agogo na tafiya. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin sa'o'i 72, ana sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana biyar, amma gwargwadon saurin shansa gwargwadon amfaninsa. In zai yiwu kada a yi wanka kafin likita ya duba, kayan da ke jiki a sa su a ambulan ko jakar takarda, leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Ko an riga an yi wanka, ko kwanakin sun wuce, a je asibiti. Akwai cibiyoyi na musamman kamar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano da Salama a jihar Kaduna. A sanar da iyaye nan take, sai fa idan wanda ake zargi ɗan gida ne, sannan 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokokin kare yara na jihohi sun ɗauki wannan babban laifi ne, ba abin da firinsifal da mai unguwa za su kashe da sulhu da kuɗin magani ba. Wanda ake zargi a dakatar da shi daga hulɗa da yara har a gama bincike. Shi ake matsarwa, ba yaron ba.

Abin da ya rage shi ne littafi. Babban littafi mai lambar shafi, a kulle a kabad: rana, wuri, abin da ya faru, matakin da aka ɗauka, wanda aka sanar, da ranar sake dubawa. Wannan gurbi na ƙarshe shi ake bari fanko, alhali ramuwar gayya a makon farko take zuwa. A koma wa yaron bayan kwana uku, bayan mako biyu, bayan wata guda, a keɓe, a tambaye shi ko an daina, a kuma tambayi wani abokinsa. Akwatin ƙorafi kada a rataye shi a ƙofar firinsifal inda kowa zai ga mai jefawa, a sa shi kusa da bayi ko ɗakin karatu, mutum biyu su buɗe shi sau biyu a mako. A zangon farko adadin ƙorafi zai ƙaru, wasu shugabanni su tsorata su ce abin ya lalace. Yaran ne suka fara gwada ko za a saurare su, kuma takardun farko kan ƙananan abubuwa suke zuwa, satar bokiti ko ƙarancin miya. Yadda aka yi da maganar bokitin suke kallo kafin su rubuta ta ɗakin kwana.