Zomon da kawu ya kawo

Jiya da la'asar kawu ya iso daga wajen Madarunfa da zomon daji guda, yankakke, rataye a kan babur. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to ni dai ban kashe ba, ban rataya ba, girki kawai aka bar mini.

Na yi masa gaggawa kamar kazar gidan gona, na jefa a man gyaɗa. Kai jama'a, da na ɗanɗana kamar ina taunar takalmi! Inna tana kan tabarma tana kallona, ta ce, "'Yar nan, abin da ya kwana yana tsere wa karnuka ne za ki dafa a minti 10?"

Ta sa na mayar da shi tukunya da ruwa, na daka citta, kimba, masoro, kanumfari da tafarnuwa, na zuba daddawa da attarugu 4. Garwashi kaɗan, kusan awa 2. Naman ba kitse, sai romo ja mai kauri da ƙamshin kimba har zaure. Mun ci da tuwon hatsi, kowa na jan hanci.

Kawu ya cinye cinyoyin biyu, wai ladan hanya.