Dalilin da ya sa na tsaya kan Debian a na'urorin fayawol

Mu huɗu ne a kamfaninmu, aikinmu kafa wa ofisoshi fayawol, wato na'urar da ke tsaye bakin ƙofa tsakanin intanet da kwamfutocin cikin gida, tana tantance mai shiga da mai fita. Abin da ya fi cin mini lokaci a farkon sana'ar nan shi ne wane nau'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, zan ɗora a kanta.

Da farko sabon abu nake bi. Na taɓa ɗora wa wani ofis nau'in da ke sauya manhajojinsa kusan kullum. Wata rana aka sabunta, na'ura ta sake tashi, sunan katin sadarwa ya canza, dokokin da na rubuta suka koma suna nuni ga katin da babu shi. Ofis guda ya wuni ba intanet. Laifina ne, domin ni na zaɓa.

Daga nan na koma Debian, wani nau'in Linux, reshenta na stable, wato tsayayye wanda ba ya yawan canzawa. Kusan duk shekara biyu take fitar da sabon bugu, kuma da tallafin dogon zango da ake kira LTS ana samun gyaran tsaro na kimanin shekara biyar. Tsakanin haka ba ta taɓa maka tsarinka, ɓaraka kawai take toshewa. Abin da nake nema ke nan a na'urar da za a ajiye cikin akwati a manta da ita. Debian 12, wadda ta fito a 2023, ta ƙara sauƙaƙa mana, don faifan girkawarta yana zuwa da manhajar da wasu katunan sadarwa ke buƙata kafin su yi aiki.

Ina girka mafi ƙarancin abu: ba tagogin dannawa a allo, ba burauza, sai SSH na shiga na'urar daga nesa da nftables mai aiwatar da dokokin fayawol. Duk manhajar da ba ka girka ba, ƙofa ce da ba sai ka yi gadinta ba. nftables ya shiga Linux a 2014 don ya gaji iptables, kuma dokokina duka suna fayil ɗaya, /etc/nftables.conf, wanda ko sabon ma'aikaci zai karanta daga sama har ƙasa ya gane.

Wani yaron aikina ya taɓa tambayata, "Maigida, me ya hana mu OPNsense, tunda tana da shafin dannawa?" Na ce masa tana da kyau ƙwarai, ita da pfSense, dukansu manhajojin fayawol ne da aka riga aka haɗa, amma a kan FreeBSD suke, wata babbar manhaja daban da Linux, mu kuwa Linux hannunmu ya saba da shi. Alpine, wani ƙaramin nau'in Linux, nakan sa wa ƙananan na'urori marasa faifai, don tana iya gudana daga RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta na'ura. Sai dai in ka manta lbu commit, umarnin da ke adana canje-canje, gyaranka ya tafi da zarar wuta ta ɗauke.

In zan canza doka daga nesa, sai na fara duba fayil ɗin da umarnin nft -c, mai gano kuskure ba tare da ya aiwatar da dokar ba. Sannan in sa umarnin at, mai gudanar da aiki a lokacin da aka ɗiba masa, ya dawo da tsohuwar doka bayan minti biyar, ko da na kulle kaina a waje. In na ga har yanzu ina ciki, sai in soke shi in kira mai ofis ya gwada buɗe shafi.