Abin da binciken rayuwar Mid'hat Frashëri ke koya wa ɗalibin tarihi

Wanda zai bi sawun Mid'hat Frashëri, ɗan siyasar Albaniya da aka haifa a 1880 ya rasu a 1949, wurin suna zai fara yin tuntuɓe. Yawancin rubuce-rubucensa da sunan Lumo Skëndo ya sa musu hannu, don haka mai neman sunansa na yanka kaɗai a kundin laburare zai tashi da kaɗan. Garuruwan ma haka suke. Mahaifarsa Yanya ce a takardun Daular Usmaniyya, amma yau Ioannina ce a ƙasar Girka. Manastir, inda ya shugabanci taron 1908 da ya share wa harshen Albaniya hanyar rubutu da baƙaƙen Latin, ita ce Bitola ta Masedoniya ta Arewa.

Sai kwanan wata. Tsohuwar kalandar da ake aiki da ita a yankin a wancan zamani tana bayan ta yanzu da kwana 12 a ƙarni na 19, kwana 13 a ƙarni na 20. Shi ya sa ranar sanarwar 'yancin kan Albaniya da ya sa wa hannu a garin Vlorë, 28 ga Nuwamba 1912, take fitowa 15 ga wata a wasu takardu. Wanda bai lura ba sai ya mai da taro ɗaya biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 ya zama jagoran Balli Kombëtar, ƙungiyar 'yan kishin ƙasa. A Agustan 1943 wakilanta suka zauna da 'yan gurguzu a ƙauyen Mukje, suka amince su yaƙi Italiya, wadda ta mamaye ƙasar, tare, a kuma nemi Albaniyar da ta haɗa da Kosovo. Wannan magana ta Kosovo ce ta ɓata wa 'yan gurguzun Yugoslabiya rai, domin suna ɗaukar yankin a matsayin na ƙasarsu, nan da nan Enver Hoxha, jagoran 'yan gurguzun Albaniya da ya mulki ƙasar bayan yaƙin, ya yi watsi da yarjejeniyar. Daga nan aka koma yaƙin basasa, ɓangarori na Balli suka haɗa kai da sojojin Jamus. Littattafan da aka buga a Tirana, babban birnin Albaniya, zamanin Hoxha sun tsaya kan haɗin kan, suna kiran Frashëri maci amana. Na 'yan gudun hijira kuwa sun fi son zancen Mukje, su yi tsallake kan Jamus. Kowanne ya faɗi gaskiya, ya ɓoye wata. Dabarar ita ce a duba shekara da garin da aka buga littafi kafin a karanta shafin farko, sannan a gwada da rahotannin jami'an Birtaniya da na Jamus, waɗanda su ma ba su rasa tasu manufar ba.

Frashëri ya fice zuwa Italiya a 1944, ya rasu a New York ranar 3 ga Oktoba 1949, jim kaɗan bayan ya karɓi shugabancin kwamitin 'yantar da Albaniya daga mulkin gurguzu, wanda Amurka da Birtaniya ke mara wa baya. Sai a 2018 aka mai da ƙasusuwansa Tirana.