Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadin da Ya Tona Min Asiri

A makon jiya na tsaya ne a inda Yaya ya sayar da babur ɗinsa, bayan an hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, ya gutsuro wani abu daga kuɗin ya damƙa min. Da shi na haɗa da ɗan abin da na tara na sayi kyamara Nikon D3100 ta hannu, da idonta mai lamba 18-55. Ban gama murna ba malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki a watan Yuli, ba su janye ba sai Disamba.

Wata kusan shida ɗin nan a gidajen biki da suna na cinye su. "Hajiya, ɗan karkato. Amarya, ɗago kai. Kai yaro, matsa." Na samu na kashewa, na kuma samu wata ɗabi'a da ban san cuta ba ce sai da aka koma aji.

Malamin da ya ɗauke mu darasin hoton jarida siriri ne, ba ya ɗaga murya, amma in ya kalle ka ta saman tabarau sai ka ji kamar ka ci bashi. Ranar farko ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, mu da muke da kyamara da waɗanda suka aro, ya murɗa kowacce zuwa harafin M. Ya ce daga yau kyamara ta daina yi mana tunani. Da tagar ajin ya koyar da mu. Faɗin da ka buɗe taga, shi ne ƙofar haske, kuma lambarta a juye take: f/3.5 ta fi f/16 faɗi. Daɗewar da tagar ta yi a buɗe, shi ne saurin ƙiftawa. 1/500 na daƙiƙa yana tsayar da ɗigon ruwa a iska, 1/30 kuwa ko numfashi ka yi hoton ya yi dishi-dishi. Na ukun ISO, wato yadda kyamarar ke jin haske. A hasken ranar Kano 100 ya ishe ka, a cikin zaure sai ka kai 3200, hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Ka taɓa ɗaya, dole ka lallashi sauran biyun. Mako biyu ina ɗauko hotuna, wasu fari fat, wasu baƙi ƙirin. Ni da nake ji da kaina a gidan biki!

Sai ranar da ya kashe fitila ya haska mana hoton da Kevin Carter ya ɗauka a bango. Yaro tsugune, yunwa ta cinye shi, ungulu a bayansa tana jira. A kudancin Sudan aka ɗauke shi a 1993, jaridar New York Times ta buga, ya ci kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 1994, kuma a shekarar mai hoton ya kashe kansa. Aji ya kaure. Wata ta ce wallahi wannan ba shi da imani, ya ajiye kyamara ya ɗauki yaro mana. Wani ya ce da bai ɗauka ba wa zai san ana yunwa a can? Malam bai raba mana gardama ba. Ya sauya hoto zuwa na hayaƙin Beirut a 2006, wanda mai hoton, Adnan Hajj, ya ƙara wa hayaƙi da kwamfuta, kafar dillancin labarai ta Reuters ta raba gari da shi ta kuma kwashe hotunansa ɗaruruwa daga rumbunta. A nan ne ya kafa mana doka: ba a ƙarawa, ba a gogewa, ba a ce wa mutum ya sake.

Na rubuta a littafi. Ta kunnen hagu ta fita.

Aikin da ya ba mu shi ne hoto goma sha biyu a kan mutum ɗaya da sana'arsa, kowane hoto da bayaninsa a ƙasa: wane ne, me yake yi, a ina, yaushe. Kasuwar Kurmi na fara nufa, amma wanda bai zauna Kano a shekarun nan ba ba zai gane ba. Tun harin 20 ga Janairun 2012 kowa a tsorace yake, ka ɗaga kyamara sai ka ji an dafa kafaɗarka, "Malam, wa ya aiko ka?" Takardar sashenmu da ke aljihuna ba ta hana ni zufa ba. Na tattara na koma marinar Ƙofar Mata, inda aka saba da masu ɗaukar hoto, inda allon bakin ƙofa ke cewa tun 1498 ake rini a wurin.

Rijiyoyin rini, wato karofi, ne rututu, akasari sun bushe, kaɗan ke aiki. Warin baba da toka da kanwa shi ke fara yi maka maraba. Wani dattijo na zaɓa saboda hannunsa, shuni ya kama shi har ƙarƙashin farce. Baba nake ce masa, shi kuma da baba yake rini, har yaran wurin suna tsokanata da hakan. Matsalar ita ce na makara, sai wajen azahar na isa, ya gama tsoma na ranar ya shanya.

"Baba, don Allah ɗan ɗauko wancan ka yi kamar yanzu kake fito da shi."

"Ɗan nan, ai ya bushe."

"Ba komai Baba, bakinsa kawai za ka tsoma."

Ya gyara hula, ya tsoma bakin yadin, ya ɗaga, ya washe min baki. Na harba sau uku. A ƙasan hoton na rubuta cewa marini ne yake fito da yadi daga karofi da sassafe. Har na ga maki a hannuna.

Ranar duba aiki Malam ya haska shi a bango, ya yi shiru har na fara jin daɗi. Sannan ya tashi ya ɗora biro a kan inuwar Baba.

"Sassafe ka ce. Inuwar sassafe ce take kwanciya a ƙarƙashin mutum?"

Ya matsar da biron sama. Kashi uku cikin huɗu na yadin a bushe, ga layin jiƙa nan a miƙe kamar an ja da rula. Hannun Baba a bushe. Ya ce duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san yadi kore-kore yake fitowa daga ruwan baba, sai ya sha iska yake rikiɗa ya koma shuɗi, to ina koren? Bai tsaya nan ba, ya buɗe bayanan da kyamara ke liƙa wa kowane hoto, abin da ban ma san da shi ba. Ƙarfe 12:47. Aji ya fashe da dariya, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Wannan hoton biki ne," in ji shi. "Ango ya yi kyau. Koma ka kawo min marini."

Haushinsa na ji a ranar, ba na ɓoyewa. Har yanzu ina ganin da ya kira ni ofis da ya fi. Amma da ya kira ni ofis ɗin, anya da na koma?

Na koma bayan asuba, cikin hunturu, da goro a leda. Sai da na tambayi Malam ko goron ya zama sayen hoto, ya ce wa ya taɓa zuwa gaida dattijo hannu rabbana? Kwana biyu ban buɗe jaka ba. Na zauna a kan dutse ina kallon yadda yake buɗe murfin karofi, ya dubi kumfar da ta taru a sama, ya motsa ruwan, ya san ko ya nuna ko da saura. Na lura tsomawa da ɗagawa suna da ƙa'ida: ya nutsar, ya murza a ƙasan ruwa, ya ɗago ya buɗe wa iska, ya sake mayarwa, haka har launin ya kai inda yake so. A rana ta uku yara suka daina kallona. A ta huɗu shi ma Baba ya manta da ni, har ya aike ni sayo koko.

Ta biyar ce ranar. Hazo ya tare rana, hasken ya yi laushi, ba inuwa mai kaifi ko ɗaya. Wani mai saye ya zo suna ta ja-in-ja a kan kuɗin turmi, Baba yana faɗa da baki hannunsa yana aikinsa. Na durƙusa a bakin rijiyar, gwiwata cikin laka, na sa 1/500, f/5.6, ISO 400. Farin yadi ya nutse. Da ya ɗago, ga shi nan kuwa, kore kamar ganyen zogale, shuɗi yana bin sa daga gefe, ruwa na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo a tsaye. Na matsa kusa ƙwarai har kansa ya fita daga hoton. Hannu biyu ne kawai, da yadi, da bakin karofi.

Jikina na rawa na nuna masa a bayan kyamara. Ya goge hannu a tsumma, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo.

"To ina kaina?"

Na fara yi masa bayani. Ya katse ni, ya ce in nemo masa na ranar farko. Da ya ga kansa da hula a gyare yana murmushi sai ya gyaɗa kai.

"Yauwa. Wannan za ka wanko min, babba, in kafa a zaure."

Abin da Malam ya ce da ya ga hannuwan, da yadda hoton ya kai ni ofishin wata jarida ba tare da na nema ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.