Daƙiƙa shida a kan tebur

Jiya da daddare na jagoranci wasan Dungeons & Dragons, wasan labari ne da ake yi a kan tebur, kowa da jarumin da yake wakilta, mu biyar ne, har yanzu faɗan ƙarshe yana raina. A ƙa'idar bugun 2014, kafin a fara faɗa kowa zai jefa dayis mai fuska 20, ya ƙara makin zafin naman jaruminsa, wanda ya fi yawa shi ke farawa. Zagaye ɗaya, wato kowa ya yi nasa motsin sau ɗaya, daƙiƙa shida ne kacal a cikin labarin, amma a tebur mukan ci minti ashirin.

Makon jiya na tsallake ƙanwata a layin faɗa sau biyu ba da sani ba. Ta yi shiru, sai a hanyar gida ta ce min, "Yaya, ban taɓa dodon ba ko sau ɗaya." Abin ya dame ni ƙwarai.

Sai na naɗe ƙananan katuna, kowane da suna, na jera su a gabana inda kowa ke gani. Wanda ya gama, in matsar da katinsa baya. Sihirin da ke ɗaukar minti ɗaya kuwa zagaye 10 ke nan, na ajiye wake goma ina cire ɗaya-ɗaya.

Jiya ita ta kashe dodon, a zagaye na huɗu.