Yadda muka feɗe jawabin Tinubu na Abeokuta a majalisarmu ta Agege

Gardamar siyasa ba ta ƙarewa a majalisarmu ta bayan isha'i a Agege, sai dai galibi a kan guntun bidiyon WhatsApp ake yin ta. Abin ya daɗe yana damuna. Na ce mu ɗauki jawabi guda mu feɗe biri har wutsiya, muka zaɓi wanda Bola Tinubu ya yi a Abeokuta ranar 2 ga Yunin 2022, inda ya ce "Emi lo kan", wato yanzu lokacinsa ne.

Yawancinsa da Yarbanci ya yi. Ƙanena haifaffen Agege ne, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, don haka shi ya riƙe waya yana tsayarwa yana fassarawa, ni kuma ina rubutawa. Na raba takarda biyu: dama abin da mai magana ya ce ya riga ya yi, hagu abin da ya ce zai yi. Dama ta cika taf, hagu kuwa kusan wayam.

Labari uku ya jera, duk zubinsu ɗaya. Buhari ya nemi shugabanci sau uku ya faɗi, har ya zubar da hawaye, sai da shi Tinubu ya shigo aka ci a 2015. Osinbajo, shi ya ba da sunansa a matsayin mataimaki. Gwamna Dapo Abiodun na jihar Ogun, da yake zaune a wurin, ba don shi ba da bai hau ba. Sai da ya gama wannan lissafi ya ce mulki ya zo kan Yarbawa, a cikin Yarbawa kuma shi ne. Ya soma da na nesa, ya ƙare da wanda kowa ke gani da ido.

Wani dattijo mai sayar da goro ya ce da ni, "Malam, wannan ai gori ne." Na ce, "Baba, gori ne, amma ku duba wa yake gabansa." Ba talakawa masu ƙuri'a ba ne, deliget ne na APC, saura 'yan kwanaki a yi fidda gwani a Abuja. Su sun san bashin siyasa, da shi suke kwana suke tashi. A nan na gane cewa kafin ka auna kalaman ɗan takara, sai ka san ranar da ya yi su da kuma mutanen da ke zaune.

A Arewa maganar ta yi wa mutane da yawa ɗaci, har shugaban jam'iyyar na lokacin, Abdullahi Adamu, ya fito ya soki kalaman. Duk da haka Tinubu ya ci fidda gwanin da ƙuri'a 1,271. Da aka zo zaɓen gama-gari ranar 25 ga Fabrairun 2023, masu sauraro sun sauya, kuma a nan Legas Peter Obi ne ya zo na ɗaya.