Alhamdulillah an kare kundi, ga godiyata

Jama'a assalamu alaikum. Jiya na kare kundin digirina na uku, kuma wallahi har yanzu ban gama karanta saƙonninku ba, duk wanda ban amsa wa ba ya yi haƙuri dan Allah.

Masu tambaya wai me na shekara da shekaru ina bincike a kai, ambaliya ce, da yadda fadama da daji da itatuwan bakin teku suke shanye ƙarfin ruwa kafin ya iso gidajen mutane. A Holan sai da suka ja ganuwar ruwa baya a birnin Nijmegen don kogin Waal ya samu wurin shimfiɗewa, maimakon a yi ta ƙara mata tsawo. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ruwa ɗaya ne yake zuwa, ɓarnar ce ba ɗaya ba. Guguwar Katrina a 2005 ta nuna haka a birnin New Orleans na Amurka, tsofaffi da marasa motar gudu su suka fi shan wahala.

Malamina da ya duba aikin, Allah Ya saka da alheri malam. Sau uku ya dawo min da babi na huɗu da jan biro, a lokacin raina ya ɓaci sosai, ashe gaskiyarsa ce, shi ya sa ni karanta ma'aunin raunin al'umma, wato na gane waɗanda bala'i ya fi cutarwa, wanda mai bincike Susan Cutter da abokan aikinta suka fitar a 2003, daga nan aikin ya miƙe.

Babbar godiyata kuma ga mutanen da suka buɗe min ƙofa bayan ruwa ya cinye musu komai. Akwai wata baba da ta kama hannuna ta ɗora a kan layin da ruwa ya bari a bango, daidai ƙirjina, ta ce min gargaɗi kam sun ji a rediyo, to amma mijinta ba ya iya tashi, wa zai ɗauke shi? Taswira ba ta taɓa gaya min wannan ba. Baba na yi alkawari zan dawo da sakamakon in karanta muku da bakina, kuma ina nan tafe insha Allah.

Iyayena, maiɗakina da ta riƙe yara ina can ina yawo da kwamfuta da takalmin roba, abokan ɗakin bincike da muka sha kwana ana gyaran alƙaluma, na gode na gode. Allah Ya bar zumunci, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya tafi da su.